Yadda ake mayar da tsohon taragon tanki DOT-111 ya zama DOT-117R

Taragon tanki samfurin DOT-111 shi ne jakin dakon ɗanyen mai da etanol a layukan dogo na Amurka da Kanada tsawon shekaru masu yawa. Kaurin ƙarfensa inci 7/16 ne, wato milimita 11 da ɗan ɗoriya, kuma yawancinsu tsirara suke: babu riga, wato siririn ƙarfen da ake lulluɓe tanki da shi daga waje, babu garkuwa a kai, bawulolin sama a fili, hannun bawul ɗin ƙasa yana nan liƙe a ƙarƙashin ciki. Masu binciken haɗurra sun daɗe suna kuka da shi, amma sai bayan daren 6 ga Yulin 2013 aka ɗauki maganar da gaske. A wannan dare taragu 63 ɗauke da ɗanyen mai suka goce a tsakiyar garin Lac-Mégantic na lardin Kebek, kusan lita miliyan 6 suka malale, wuta ta ci mutum 47. A watan Mayun 2015 hukumomin Amurka biyu, PHMSA mai kula da dakon kayan haɗari da FRA mai kula da layukan dogo, suka fitar da ƙa'idar DOT-117, Kanada ta fitar da takwararta TC-117, sannan dokar sufuri ta Amurka mai suna FAST ta Disambar 2015 ta faɗaɗa abin har ya shafi duk wani ruwa mai kamawa da wuta, wanda ake kira Aji na 3.

Mai tsohon tarago zaɓi uku gare shi: ya yanka ya sayar da ƙarfen, ya mayar da shi dakon kayan da ba sa cin wuta, ko ya gyara shi ya zama DOT-117R. Kafin a ɗauki na ukun a riƙe abu ɗaya. Gyaran ba ya ƙara wa tanki kauri ko da na gashi. Sabon DOT-117 ana ƙera shi da inci 9/16. DOT-117R kuwa an yarda ya zauna a 7/16 ɗinsa. Duk abin da za a yi sutura ce a kan tsohon jiki, kuma suturar tana da iyaka: a St. Lazare na lardin Manitoba, cikin Fabrairun 2019, taragun 117R sun goce, wasunsu sun fashe. Saboda haka ingancin aikin yana wurare biyu ne: lafiyar ƙarfen da za a rufe, da kuma tsara kowane sabon abu da aka liƙa ta yadda in an yi karo shi zai karye, ba tankin ba.

Wa'adin da doka ta sa a Amurka ya bi nau'in kaya. Ga ɗanyen mai, DOT-111 marar riga ya fita tun 1 ga Janairun 2018, mai riga 1 ga Maris ɗin shekarar. Ga etanol, wa'adin DOT-111 ya cika 1 ga Mayun 2023. CPC-1232, wato DOT-111 da aka ƙara wa ƙarfi tun a ƙira, mai rigarsa ya samu zuwa 1 ga Mayun 2025 a duka biyun. Sauran ruwaye na Aji na 3 da ke rukunin haɗari na II da na III suna da zuwa 1 ga Mayun 2029. Kanada ta fi sauri: ta hana DOT-111 ɗaukar ɗanyen mai tun 1 ga Nuwambar 2016. Tarago mai tsallaka iyaka sai ya cika ƙa'idar duka ƙasashen biyu.

Tantance tarago tun a takarda

Kafin a kunna injin walda, a ɗauko takardar shaidar ƙira, fom 4-2 na ƙungiyar layukan dogo ta AAR, da tarihin gyare-gyaren taragon. Abin da ake nema: shekarar ƙira, irin ƙarfen, kaurinsa, nauyin da aka yarje masa, da kayan da ya saba ɗauka.

Taragun kashi huɗu ne, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. DOT-111 marar riga yana buƙatar komai daga farko. DOT-111 mai riga sai an yanke kawunan rigar an sa garkuwa, an gyara sama da ƙasa. CPC-1232 marar riga, irin waɗanda aka yi oda daga 1 ga Oktoban 2011, shi ne ya fi cancantar a kashe masa kuɗi: ƙarfensa rabin inci ne, kayan samansa suna da kariya, sai dai garkuwarsa rabin tsayi ce kuma babu bargon kariyar wuta. CPC-1232 mai riga shi ya fi ƙarancin aiki, don yana da cikakkiyar garkuwa. Yawanci abin da ya rage shi ne hannun bawul ɗin ƙasa da tabbatar da cewa abin da ke ƙarƙashin rigarsa zai jure wuta.

Doka ta karɓi duk ƙarfen da aka halatta a lokacin da aka ƙera tankin. Amma halas daban, dacewa daban. Ƙarfen TC-128 Grade B da aka gasa aka bar shi ya huce a iska ya fi jure duka, musamman a tsananin sanyi. Wanda bai samu wannan gashin ba, in sanyi ya kai masa, ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, tsagar kuma ta yi ta gudu. In ka haɗa wannan da cewa iyakar rayuwar tarago shekara 50 ce daga ranar ƙira, za ka ga tanki mai shekara 30 da ƙarfe irin na da bai cancanci wahalar ba.

Lissafin nauyi

Nan ne mutane da yawa suke yin asara ba su sani ba. Ɗauki tanki mai faɗin mita 3 da tsawon mita 16 da rabi. Fatar gefensa ta kai murabba'in mita 158 in an haɗa da ƙarin faɗin riga. Rigar geji 11 kaurinta milimita 3 ne, kowane murabba'in mita kusan kilo 24, jimla tan 3.8. Garkuwar rabin inci tana da kusan kilo 100 a kowane murabba'in mita. Kawuna biyu sun kai tan 1.7. Bargo bai da nauyi, bai kai kilo 200 ba. Ƙara akwatin kariya na sama, faci-faci, wato farantan ƙarfe da ake liƙawa a jikin tanki, da madogarai, za ka tarar ka doshi tan 6.

To tsohon tarago an yarje masa fam 263,000 ne gaba ɗaya, kusan tan 119. Galan 30,000 na etanol kusan tan 90 ne, taragon kansa kusan tan 30. Ka ga ya riga ya cika maƙil. Duk kilon da ka ɗora na riga, kilo ne da ka sauke na kaya, a kowace tafiya har ƙarshen rayuwar taragon. Mafita ita ce a ɗaga shi zuwa fam 286,000, wanda ke ba da ƙarin tan 10 da ɗoriya, amma wannan yana nufin aikin ƙafafu da neman amincewa a ƙarƙashin sashe na 179.13 na kundin dokokin Amurka 49 CFR. A yanke wannan shawara tun yanzu, ba bayan an gama ɗinka riga ba.

A duba abu biyu kuma a zane. Tsakiyar nauyin tarago mai kaya kada ta wuce inci 98 daga saman dogo. Faɗinsa kuma, a ma'aunin girman tarago na Plate C, kada ya wuce ƙafa 10 da inci 8, kuma wannan faɗin yana raguwa idan tazarar tsakanin bogi biyu, wato rukunin ƙafafun gaba da na baya, ta haura ƙafa 46 da inci 3, saboda a kwana cikin dogon tarago yana leƙawa waje. Bargo da riga suna ƙara fiye da inci ɗaya a faɗin tanki, tsani da madafai kuma duk sai sun matso waje.

Zanen gaba ɗaya sai ya samu amincewar kwamitin taragun tanki na AAR kafin a fara, kuma ma'aikatar da za ta yi aikin sai tana da shaidar cika ƙa'idojin AAR na M-1002 da M-1003. Sashen da ake auna aikin da shi shi ne 179.202-13 na kundin 49 CFR.

Wanki da fitar da iskar gas

Tankin da aka ce "babu komai ciki" ya fi cikakke haɗari ga mai walda, domin tururin mai ya gauraya da iska. Ana tsiyaye ragowar, a kwashe dagwalon da ya kwanta a ƙasa, a wanke da ruwan zafi ko tururi, sannan a hura iska har ya bushe. In an yi amfani da tururi, kada a rufe murfi tankin yana da zafi. Tururin zai koma ruwa, matsin ciki ya faɗi, iskar waje ta murƙushe tankin kamar gwangwani.

Awon iska a bi shi a jere: oksijin da farko, sai gas mai kamawa, sai guba. Oksijin ya kasance tsakanin kashi 19.5 da 23.5 cikin ɗari. Dalilin fara da shi shi ne na'urar awon gas ta gama-gari tana bukatar oksijin kafin ta faɗi gaskiya. In babu shi za ta nuna sifiri alhali tankin cike yake da gas. Don shiga ciki, gas ya kasance ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na mafi ƙarancin adadin da ke kamawa; don walda kuwa, a nemi sifiri. A auna sama, tsakiya da ƙasa, da kowane kai, domin tururin mai da iskar H2S mai guba sun fi iska nauyi, ƙasa suke kwanciya. A sake awo bayan kowane hutu: tsatsar ciki tana riƙe mai, zafin rana ko na walda ya sake fito da shi. Tankin da ya daɗe yana ɗaukar ɗanyen mai mai sulfa yakan tara wani baƙin ɓawo da ke iya kamawa da kansa idan ya bushe ya sha iska, don haka a jiƙa shi har a kwashe.

Tuɓewa da binciken jiki

A cire bawuloli duka, dandamalin sama, tsani, bututun birki da duk abin da zai tare riga. A feshe jikin da yashi har ƙarfe ya fito fari. Wannan ita ce damar ƙarshe ta ganin tankin ido da ido. Da zarar an ɗinka riga, duk binciken da za a yi nan gaba sai an yanka taga ko an shiga ta ciki.

Yawancin waɗannan taragu ba su da doguwar ƙashin baya daga kai zuwa kai. Guntun ginshiƙi ne a kowane kai, an yi masa walda a kan faci, facin kuma a kan tanki. Ma'ana duk jan da injin jirgi ke yi, da duk turin da taragu ke yi wa juna, ta cikin ƙasan tankin yake bi. Shi ya sa tsaga take fara fitowa a ƙarshen waldar waɗannan faci da wurin da ginshiƙin ya tokare kan tanki. Sashe na 180.509 ya fayyace inda za a duba: waldar kusurwa mai ratsawa da ta fi inci 1/4 a cikin ƙafa 4 daga layin tsakiyar ƙasa, ƙarshen waldar kusurwa mai bin tsawo a wannan yanki, da waldar haɗin fatar tanki a cikin ƙafa 2 daga layin. Ana amfani da garin ƙarfe da maganaɗisu, ko rini mai shiga tsaga, ko na'urar sauti, ko hoton eksire. Da garin ƙarfe, tsaga tana bayyana kamar siririn zare baƙi a gindin walda, wani lokaci tsawonta bai kai farce ba. Kada a raina ta. A goge ta har ta ɓace, a sake gwaji, a auna abin da ya rage, sannan a cike bisa hanyar walda da aka amince da ita.

Kauri kuma a auna shi da na'urar sauti, a dage a wurare uku: tsakiyar ƙasa inda ruwan da ke cikin ɗanyen mai yake kwanciya ya ci ramuka, gefen mazaunin bawul ɗin ƙasa, da rufin ciki inda tururi yake taruwa. Tankin da aka ƙera da 7/16 cif ba shi da rarar da zai bayar. In ramukan sun yi yawa, a tsaya a sake lissafi. Ba abin kunya ba ne a janye tarago daga layin gyara a wannan mataki.

Faci da walda a jikin tanki

Riga tana bukatar madogarai, tsani da dandamali suna bukatar sababbin mazaunai. Ƙa'idar ita ce: duk madogarin da waldarsa ta wuce inci 6 na waldar kusurwa mai inci 1/4, ba a liƙa shi kai tsaye a tanki, sai a kan faci. Facin kada ya gaza inci 1/4 a kauri, a zagaye kusurwoyinsa da aƙalla inci 1, a yi masa walda kewaye, a bar ɗan ramin shan iska. Sannan ƙarfin waldar madogari a kan faci kada ya wuce kashi 85 cikin ɗari na ƙarfin waldar faci a kan tanki.

Wannan kashi 85 ɗin shi ne masu walda suka fi karyawa, kuma da kyakkyawar niyya. Mutum ya ga an ce walda siririya, ya ce bari ya ƙara mata nama don ta yi ƙarfi. In tarago ya goce wani abu ya fizgi madogarin, maimakon ya ɓalle ya tafi, sai ya yago facin da fatar tankin. A auna girman kowace walda da ma'auni, wadda ta yi kiba a goge ta.

Inda ƙa'idar AAR ta bukaci gashi bayan walda, ana ɗaga zafin wurin zuwa aƙalla digiri 593 na Salshiyos, a riƙe, a bar shi ya huce a hankali, don a saki taurin da walda ta bari. In aikin ya kai ga gwajin ruwa, a yi shi yanzu kafin bargo: a cika tanki, a kai matsi fam 100 a kowane murabba'in inci, a riƙe aƙalla minti 10 ana duba ɗiga. Bayan haka a yi wa bayan tanki da cikin riga fentin kariya. Ruwa sai ya sami hanyar shiga ko ba daɗe ko ba jima, tsatsar ƙarƙashin riga kuma ba a ganinta sai ta yi nisa.

Bargo, garkuwa da riga

Ga yadda wuta take fasa tankin da bai ko ƙwarzane ba. Inda ruwa yake taɓa ƙarfe, ruwan yana shanye zafin. Amma rufin tanki, inda tururi ne kawai, babu abin da ke sanyaya shi. Ƙarfen ya yi laushi, matsi yana hawa, bawul yana fitar da kaya, ruwan yana sauka, busasshen wurin yana ƙaruwa, har fatar ta kumbura ta yage. An ga haka a Mount Carbon ta jihar West Virginia cikin Fabrairun 2015, kuma taragun CPC-1232 ne marasa riga.

Sashe na 179.18 yana so tanki ya yi minti 100 a cikin tafkin wuta, da minti 30 a gaban harshen wuta mai feshi, ba tare da kaya ya fita ba sai ta bawul ɗin sakin matsi. A gwajin kayan bargo, tafkin wutar digiri 871 ne, harshen kuma 1,204, bayan farantin gwaji kuma kada ya haura 427. Tarago marar riga dole a sa masa bargo mai kaurin aƙalla rabin inci daga cikin waɗanda aka amince da su, galibi na zaren seramik. A kula, auduga ta gilashi da ke cikin tsofaffin riguna an sa ta ne don riƙe ɗumin kaya; a wuta mai wannan zafi narkewa take yi. Mai tarago mai riga sai ya nuna da lissafi, yawanci da manhajar AFFTAC, cewa abin da yake da shi tare da bawul ɗinsa zai kai minti 100.

Shimfiɗa bargo aiki ne mai sauƙin gani, mai sauƙin ɓatawa. A ɗora bakin kowane yanki a kan na kusa da shi, kada a bar rata ko ta yatsa. A ɗaure da maɗauri yadda ba zai zame ba, amma kada a matse shi har ya koma rabin kaurinsa. A yanka shi daidai gindin kowane bututu da madogari, a cusa guntaye a lungunan da ke wajen kafaɗun tarago. Girgizar shekaru tana sa bargon da ba a ɗaure da kyau ba ya sulale ƙasa, ya bar rufin tanki tsirara, wato daidai wurin da aka fi bukatarsa. Kada a shimfiɗa shi a jiƙe, kuma masu aikin su sa abin rufe hanci, don ƙurar zaren tana cutar da huhu. A ɗauki hoton kowane sashe kafin a rufe.

Garkuwar kai faranti ne mai kaurin rabin inci da ya rufe kan tanki daga sama har ƙasa; galibi shi ne kan rigar da kansa. Ma'aunin shi ne ya jure dukan ƙugiyar haɗi a gudun mil 18 cikin sa'a. Tsohuwar garkuwa mai rabin tsayi an yi ta ne da tunanin cewa ƙugiyar taragon baya ce kaɗai za ta daki kai. In taragu sun kife sun hau juna, karyayyen dogo ko ƙafa ba sa zaɓen inda za su soka.

Rigar geji 11 ana naɗe ta yanki-yanki, a ɗinke da walda. Tartsatsi da zafin walda suna iya ƙona bargon da ke ƙasa, don haka a sa abin tarewa a bayan kowane ɗinki. A sa madogaran da ke hana rigar zamewa gaba ko baya lokacin karon haɗa taragu. Duk inda wani abu ya huda rigar a rufe bakin yadda ruwan sama ba zai shiga ba, a ƙasa kuma a bar magudana.

Saman tanki

Idan tarago ya kife, abin da ya fi tsayi shi ke fara cin ƙasa. Bawulolin sama na 117R sai sun shiga akwatin kariya mai kaurin aƙalla rabin inci, na ƙarfe mai ƙarfin ja da bai gaza fam 65,000 a murabba'in inci ba. Akwatin ya fi duk abin da ke cikinsa tsayi, kuma ya sami magudanar ruwa daidai da ramuka 6 masu faɗin inci 1. Haɗinsa kuma an yi masa iyaka sama da ƙasa: kada ya wuce kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin haɗin wuyan tanki da tanki, haka kuma kada ya wuce kashi 70 na haɗin farantin murfi da wuyan, kada kuma ya gaza kashi 40 na haɗin wuyan da tanki, ko ƙarfin kusoshi 20 masu rabin inci. Hikimar ɗaya ce da ta faci: ya yi ƙarfin da zai kare bawul, amma ya tsinke kafin ya tumɓuke wuyan. Saboda haka kada wani ya canja kusoshin da zane ya faɗa da waɗanda suka fi su ƙarfi don kawai su ne a sito.

Bawul ɗin sakin matsi dole ya zama mai rufe kansa bayan ya saki. Faifan da ke fashewa sau ɗaya ya bar baki buɗe ba shi da wuri a nan. Yawanci ana saita shi ya fara buɗewa a matsin fam 75 a kowane murabba'in inci, girmansa kuma lissafin wuta ne ke yanke shi. Wurinsa cikin akwati ne. In babu fili, ɗaya tak aka yarda ya zauna a waje, kuma kada ya ɗara riga da fiye da inci 12. Bakin da aka toshe ba a amfani da shi kada ya wuce inci 6.

Akwai abu biyu da ƙa'ida ba ta tsananta ba amma mai hankali zai kula. Na ɗaya gaskit. A haɗarin etanol na Oklaunion a jihar Teksas, cikin Janairun 2022, taragun sababbin DOT-117 ne, amma wuta ta cinye gaskit ɗin murfin wasu, kaya ya zubo ya ƙara mata mai. A zaɓi wanda ya dace da kayan kuma ya fi jure zafi, a ɗaure notunan murfi a tsallake-tsallake, ɗaya nan ɗaya can, da sifana mai awo. Na biyu murfin alminiyom: yana narkewa a wajen digiri 660, wutar kuwa ta haura 800. A East Palestine ta jihar Ohio, a 2023, an ga irin waɗannan murafu sun narke. A sa na ƙarfe.

Bawul ɗin ƙasa

Wannan shi ne gyara mafi arha, kuma da shi kaɗai ana iya tsirar da tanki guda cur. An ƙera bututun da ke ƙasan bawul da wani tsagi don ya karye a nan idan ya daki ƙasa, bawul ɗin ya zauna a rufe a bayan ƙarfen kariya mai gangare. Matsalar ita ce hannun. Ƙasa ta kama shi, ta juya shi rubu'in zagaye, bututun da murfinsa sun riga sun tafi, sai tanki lafiyayye ya zazzage duk abin da ke cikinsa. Binciken haɗarin etanol na Cherry Valley a jihar Illinois, a 2009, ya nuna haka.

Hanya biyu aka yarda da su: a cire hannun gaba ɗaya yayin tafiya, ko a sa irin wanda ba ya haɗe da sandar bawul sai an tura shi da gangan. Kowanne aka zaɓa, a tabbatar akwai abin da ke kulle bawul ɗin kansa a rufe idan hannu ba ya nan. A gwada shi bayan an sa riga, ba kafin ba, don rigar takan tare hanyar hannun.

Ƙafafu da birki

Idan za a je fam 286,000, sai a bi ma'aunin AAR na S-286: bogi irin na M-976, ƙafafu masu inci 36, boris da aksul da sifirin da suka dace da nauyin. Ko ba a ɗaga nauyin ba, taragon ya ƙara tan 6 a wofinsa, don haka a sake lissafin ƙarfin birki a wofi da a cike, a yi gwajin birkin tarago ɗaya. A duba ƙugiyoyin haɗi masu baki sama da ƙasa, waɗanda ke hana ɗaya ta zame ta hau ta soki kan tanki. Birkin lantarki na ECP yana cikin ƙa'idar 2015, amma an janye shi a 2018, ba sai an sa shi a kasafi ba.

Gwaji, awo da takardu

A gwada bawul ɗin sakin matsi a benci kafin a ɗora. Bayan an haɗa komai, a sa iska a tanki, a shafa ruwan kumfa a kowane haɗi, a jira. Ƙaramar ɗiga takan ɗauki minti kafin ta tara kumfa. A auna taragon a sikeli, a rubuta sabon nauyin wofi da iyakar kaya a jikinsa, a canja rubutun samfuri zuwa DOT-117R100W, a sabunta farantin shaida da ranakun bincike. A cike rahoton gyara na R-1, a gyara bayanin taragon a UMLER, rajistar taragu ta kwamfuta. Taragon da ya zama 117R a ƙarfe amma yana DOT-111 a kwamfuta, tashar lodi za ta mayar da shi.

A sanar da masu lodi abin da ya canja. Doka tana so a bar sarari na aƙalla kashi 1 cikin ɗari don kumburin ruwa, kuma zafin da ake lissafi da shi ya danganta da suturar tanki: digiri 46 ga marar sutura, 43 ga mai riga da kariyar wuta da ta cika sharaɗi, 41 ga mai cikakken rufin ɗumi. A rubuta musu wanne ne ya hau kan wannan tarago, a ba su sabon teburin awo idan an taɓa bututun ciki. A nuna musu kuma yadda sabon hannun bawul ɗin ƙasa yake aiki da inda ake ajiye shi, domin ma'aikacin da bai sami hannu ba zai ɗauko sifanar bututu ya murɗe sandar, in kuma ya same shi ya manta bai cire ba, taragon zai fita da shi a liƙe kamar yadda yake kafin gyara.